Shekara Huɗun da Ba Nata Ba

Shekarata uku ina aiki a wata cibiyar binciken tsufa a wajen birnin Daegu na Koriya, kuma har yau abin da ke ƙona mini rai guda ne. Mun iya karanta shekarun mutum daga ɗigon jininsa, amma ranar da jinin ya saɓa wa takardar hukuma, jinin muke ƙaryatawa.

A kakar bara muka fara ɗaukar tsofaffi don gwajin wani sabon magani, wanda ake sa ran zai rage wa cutar mantuwa sauri in an tare ta da wuri. Sharaɗin shi ne kada mutum ya haura shekara tamanin da biyar, kuma cikin mako shida za a rufe rajista.

Pyo Gapsun ta zo ne tare da ɗanta Taesik, direban bas. Ta fara mance tukunya a kan wuta, tana zuba gishiri sau biyu. Na ɗebi jininta, sannan na fara tambayoyin gwaji.

"Kaka, shekarunki nawa?"

"Tamanin da biyu. Ni 'yar shekarar doki ce."

Taesik ya yi dariyar kunya. "Mama, damisa dai. Tamanin da shida. Kin gani ko, Dakta? Yanzu kullum sai ta zaftare huɗu, kamar mai neman miji."

"Kai ka haife ni?" in ji ta.

A wurinmu kowace shekara da dabbarta, kuma kowa ya san tasa. Katin shaidarta ya ce 1938, shekarar damisa. Da hannuna na rubuta cewa ba ta ci wannan tambaya ba, kuma aka cire sunanta saboda ta haura da shekara ɗaya.

Bayan kwana goma sakamakon jininta ya fito, ya nuna tamanin da ɗaya da 'yan watanni. Na ɗauki takardar na iske shugabanmu, Farfesa Yeom, a ɗakin cin abinci.

"Dakta Seo, agogon jinin nan yana kuskuren shekara uku zuwa huɗu. Ke da kanki kika rubuta haka."

"Haka ne, Farfesa. Amma ka taɓa ganin tsohuwar da ta manta dabbar shekararta tana tuna sunan ƙauyensu?"

"Rabin tsofaffin karkara katinsu ba daidai ba ne. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, amma shekara ashirin muna auna ƙwaƙwalwarsu da katin da muka san ƙarya ne."

Ya ajiye sandunan cin abincinsa. "Kawo mini hukuncin kotu, in sa ta yau. In babu, zauna ki ci, miyarki tana hucewa."

Ranar Asabar na hau bas zuwa ƙauyensu. Na same ta a tsakar gida tana tsince busasshen barkono a kan tabarma, Taesik yana gyara mata ƙofa. Ta ba ni shayin sha'ir, ta ce na rame. Na tambaye ta kai tsaye waye aka haifa a shekarar damisa.

Ta daɗe tana juya barkono ɗaya a hannu.

"Yayata. Ita ce Gapsun. Ƙyanda ta ɗauke ta a watan da aka haife ni. Ofishin rajista tafiyar yini ce, kuma ana tsakiyar dashen shinkafa. Babanmu ya ce mace ta tafi, mace ta zo, me za a je a faɗa musu? Sai aka bar takardar yadda take. A gida innarmu kaɗai ke ce mini Okbun."

Taesik ya tsaya da guduma a hannu. Shekararsa hamsin da bakwai, ranar ya fara jin sunan.

"To Mama, bikin cikar sittin da muka yi miki? Muka tara dangi, muka durƙusa a gabanki?"

"Ai na ci. Naman ma ya yi daɗi. Na yayata ne. Da nawa ya zo, na dafa wa kaina miyar ganyen teku ta ranar haihuwa, kai har ka ƙara kwano biyu, ba ka tambaya ba."

Na yi mata bayani da sauri, don na riga na yi magana da lauya. Za a iya roƙon kotu ta gaggauta. Abin da ake so shi ne ta faɗi wannan labarin da bakinta, tun bakin yana iyawa, a rubuta cewa Gapsun ta rasu a 1942, a buɗe wa Okbun takardarta.

"A rubuta ta rasu?"

"Ai ta rasu, Kaka. Shekara tamanin da biyu ke nan."

"Wa ya ce miki? Ta yi aure, ta haifi wannan ƙaton, ta yi zaɓe, ta hau jirgi zuwa tsibirin Jeju. Ko kabari ba a yi mata ba, 'yar nan, a gefen dutse aka turbuɗe ta cikin tabarma. Ni ce wurin zamanta."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata ƙyuyar mutum ɗaya ce ta cinye mata suna, yanzu kuma za ta cinye mata hankali. Na ce maganin ba tabbas ba ne, amma shi kaɗai ne a gabanta, kuma in ba shi, nan da shekara biyu ba za ta gane Taesik ba, ba za ta tuna da Gapsun ɗin ba ma.

"To ko na manta ta, tana nan a takarda," in ji ta. "In kuma na je na kashe ta da bakina, sannan na manta, ina za ta shiga?"

Na duba Taesik, ina jira ya sa baki. Ya ce, "Mama, ko don ni." Ta miƙa masa kwandon barkonon ta ce ya kai rumbu kafin raɓa ta sauka.

Sau biyu na sake komawa. A na biyun ta cika mini jaka da dankali, ta raka ni har bakin hanya, ta ce in daina ɓata kuɗin bas. Aka rufe rajista, wani tsohon malamin makaranta ya samu gurbin. Na rubuta wa kwamitin cibiyar shafi tara kan yadda muke tambayar shekaru. Sun ce batu ne mai muhimmanci, za a duba a zama na gaba.

A makon jiya Taesik ya kira ni ina ɗakin gwaji. Mahaifiyarsa ta fita neman innarta, aka tsince ta a bakin rafi, don haka zai kai ta gidan kula da tsofaffi. Sun ce a ɗinka suna a jikin kowace rigarta saboda wanki.

"Dakta, wanne zan sa?"

Na ce ya tambaye ta.

"Na tambaya," in ji shi. "Na kira duka biyun. Kallona kawai take yi."