Oddvar da Gwanki Mai Hakiya

Idan biyu suka haɗu a daji, kowanne na iya hallaka ɗan'uwansa, amma suka rabu lafiya don kawai babu wanda ya ga wani, wa za a gode wa? Wannan tambaya ta gagari amsa, kuma daga kan Oddvar ta samo asali.

Oddvar ya tsufa cikin ƙungiyar maharban kwarinsu, masu fita farautar elg duk kaka, wato ƙaton gwankin nan mai ƙaho kamar shebur. Idonsa ya fara gajiya, har matarsa Sigrun ta kai shi aka yanka masa tabarau. Ya jefa a aljihu, ya rantse ba zai sa ba.

"Maigida, jiya fa akwatin wasiƙa ka gaisar," in ji Sigrun.

"Ya fi maƙwabcinmu fara'a," in ji shi.

Abin da yake tsoro sananne ne. A ƙungiyar, duk wanda ganinsa ya ragu, karɓe masa wurin tsaro ake yi, wato inda maharbi ke zama yana dakon dabba, a ajiye shi gindin wuta yana dafa wa mutane gahawa. A wajen Oddvar gara kabari da butar gahawa.

A shekarar akwai wani gwanki da abokin faɗa ya soke wa ido da ƙaho, idon ya yi fari fat da hakiya. Halvard, shugaban ƙungiya, ya ce shi za a fara harbewa, a hutar da shi.

"Don ido ya lalace sai a ce rai ya ƙare?" in ji Oddvar. "Yana ci, yana sha, me ya tare muku?"

Kowa ya duƙar da kai cikin kofinsa.

Da safe, kamar yadda aka saba, aka zuba lambobin wuraren tsaro a hula, kowa ya zara. Oddvar ya samu bakin fadama. Ya kafa 'yar kujerarsa, ya ɗora bindiga a cinya, sanyi na yankar kunne. Can ya lura da wani ƙaton tushen itace da guguwa ta tuge, baƙi ƙirin, a gefensa. Bai tuna ya gan shi da zuwansa ba, amma ya ji daɗi, don ya tare masa iska. A inuwarsa ya ci burodinsa da cuku. Da ya sake waigawa, babu tushe.

Da rana Halvard ya iso da karensa da sauran maharba. Kare ya tsaya dab da kujerar yana haushi. Ga sawu manya, ga kashi yana tururi.

"Dattijo, baƙo ka yi?" in ji Halvard.

Oddvar ya sunkuya ya dubi sawun. Ashe gwankin ne ya tsaya yana kiwo, makahon idonsa ta wajen Oddvar, iska kuma ba ta kai masa ƙanshin mutum ba.

"Na gan shi sarai," in ji Oddvar. "Tausayinsa na ji, na ƙyale shi."

"Madalla, tausayi ba laifi ba ne. Wane idon ne ya mutu?"

"Na hagu," in ji Oddvar.

"Na dama ne."

"Hagu daga inda nake zaune."

"Daga inda kake zaune, ai da ka miƙa hannu sai ka shafa," in ji Halvard. Ya kwance butar gahawa daga jakarsa, baƙa wuluk da hayaƙi, ya dangwarar kusa da bindigar. "Abokina, ba na son dawowa gobe in tarar ka ci burodi a inuwar beyar, dabbar nan mai yaga mutum. Ko abin da Sigrun ta ce yana aljihunka, ko wannan."

Oddvar ya dubi butar, ko dai abin da yake zaton butar ce. Ya laluba aljihu a hankali, ya zaro tabarau, ya goge da bakin riga, ya maƙala a hanci. Daji ya fito tar, kowane reshe da kansa. Ya juyo ya ƙare wa Halvard kallo.

"Ashe haka ka lalace," in ji shi. "Shi ya sa ban so sawa ba."