Iskar da Ta Jira Daeng Malli

"Sauke ni, ni ba buhun gishiri ba ne," in ji Daeng Malli.

Daeng Tompo bai sauke shi ba. Ya ci gaba da hawa matakalar katako da shi a goye, yana jin ƙasusuwan ƙirjin maƙwabcinsa a gadon bayansa. A bakin teku ya tarar da shi ya yanke jiki ya faɗi, yana cikin duba shinkafar guzuri.

Tompo shi ne shugaban jirgin ruwa mai tafiya da iska, Malli kuma kukunsa tun suna samari. Gidajensu a garin Bira, inda ake kiran manya da laƙabin Daeng, suna kallon juna, kajinsu ma ba su san na wa ne ba. A bana za su kai katako da busasshiyar kwakwa Singafo, amma tafiyar ta ƙi. Da farko dogon itacen da ake ɗaura filafilan jirgi, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska, ya tsage. Da aka samu wani, masu ɗinkin filafilan suka yi ta cewa gobe. Da suka gama, iskar yamma ta ƙi juyawa, kuma ba a nufar Singafo sai da ta gabas. Kullum Tompo yana tsaye a bakin ruwa yana tsaki.

Likitan da suka gani a garin Bulukumba ya ja Tompo gefe. Hanta ce, ta riga ta yi nisa. Su koma gida, a ba shi duk abin da ransa ke so.

Malli ba shi da kowa, matarsa ta daɗe da rasuwa. Rosmini, matar Tompo, ita ta ɗauke jinyarsa. Ranar da ta kawo masa romon kifi da tsamiya, ya kurɓa ya yamutse fuska.

"Ƙanwata, kifin nan wanka kika yi masa ko dahuwa?"

"To tashi ka dafa, Daeng, ga murhu can."

"Allah ya ba mijinki haƙuri. Shi ya sa yake gudu teku."

Ya shanye tas, ya miƙo kwanon a ƙara.

Abin da ke cin Tompo bai faɗa wa kowa ba. In iska ta juya, dole ya tashi, don matuƙa da iyalansu shi suke jira. Ya bar Malli ya mutu a bayansa, ko ya ɗauke shi ya mutu a tsakiyar ruwa?

Wata rana da hantsi yana danna masa ƙafafun da suka kumbura, Malli ya ce, "Ka daina kallon taga. Na san ba da ni za a yi tafiyar nan ba."

"Wa ya ce? Wa zai dinga ƙona mana shinkafa?"

"Daeng, ka bar wasa. Ni teku ba na so ta karɓe ni. Na dafa kifaye da yawa, danginsu suna jirana." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Kusa da matata nake so a binne ni, kan tudu. In iska ta zo kafin nan, ka tafi abinka, na yafe."

Tompo ya sunkuyar da kai. "Iska ba ta zo ba."

Ba ta zo ba kuwa. Jirgi ya zauna a kan anga, ƙarfen da ke riƙe shi wuri guda a ruwa. Matuƙa da suka rasa abin yi suka riƙa taruwa a ƙarƙashin gidan Malli, wanda aka kafa a kan dogayen turaku, suna tufkar igiya, shi kuma yana zaginsu ta tsagin katako, yana tuna wa kowa ranar da ya yi amai a tafiyarsa ta farko. Tsofaffin abokan da suka ji labari suka zo daga garuruwan Ara da Tana Beru. Gidan bai taɓa cika haka ba.

Ranar wata Juma'a bayan La'asar numfashin Malli ya sauya. Tompo ya tallafo kansa yana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓen Malli ya motsa ya bi, sannan ya cika. Tompo ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ya kwance ƙullin likkafani.

Kafin mako ya zagayo, Rosmini ta tashe shi da safe. Ganyen kwakwa duk sun karkata yamma, iskar gabas ta zo. Ya daɗe a tsaye a kan matakala, ya tuna duk tsakin da ya yi wa iskar nan, kunya ta kama shi.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. "Allah, Ka fi ni sanin lokaci."

Da hantsi suka janye anga, filafilai suka cika. Da suka zo daidai tudun maƙabarta, Tompo ya ɗan karkata akalar jirgin wajen gaɓa, har filafilan suka saki suna kaɗawa. Babu wanda ya tambaye shi dalili. Matuƙa suka tsaya da igiya a hannu. Can sama, cikin fararen duwatsu, ana hango jar ƙasa sabuwa, wata akuya tana kwance a gefenta tana tuƙa.