Tabon Magagari

Babban yatsan Baba Maƙeri ya tsaya a gefen sandar zinariyar, bai ƙara motsi ba. Ina tsaye a bayansa, na ga ƙeyarsa ta jiƙe, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki har ina jin sanyin a haƙorana.

Ma'aikacin kamfanin, wanda a layinmu ake kira Mai Kwat, bai lura ba. Yana ta bayani. Ya ce wannan sandar shekaranjiya ta iso daga mahaƙa, ita da 'yan uwanta ɗari uku, suna can ƙasa a ɗakin ajiya. Ya ce nan ne babban ofis, ba irin ɗan reshen da muka fara zuwa ba, saboda haka Baba ya kwantar da hankalinsa, a ɗauke shi hoto da ita ma idan yana so.

"Shekaranjiya ka ce, ɗana?"

"Shekaranjiya, Baba. Ko ƙura ba ta hau ta ba."

Baba ya mayar da ita kan jan ƙyallen da aka shimfiɗa, ya goge tafinsa a gaban riga, ya yi godiya. A matakala ya kama wuyan hannuna.

Sai da muka kai inda ake jiran mota ya yi magana.

"Bature, ita ce. Guda ɗaya ce tal."

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shagonsa yana gaban gidansa: teburi mai ƙonannen baki, sikeli a cikin gilashi, hantsaki da awartaki jere a bango, sai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujerarsa. Shekara arba'in matan unguwa suna kawo masa gyaran 'yan kunne da sarƙa, da yawa kuma sukan bar kayan a wurinsa ajiya, don ɓarawo ko don miji mai dogon hannu. Ba ya ba da takarda. Ya san kowace sarƙa da nauyinta da mai ita, har da wadda ta bar mata gado.

Ni kuwa na dawo daga karatu a ƙasar da rana ba ta zafi, da takardun shaida biyu, babu aiki. Shi ya raɗa mini Bature. Yakan ce an tura ni in koyo ilimi na koyo shan shayi ba sukari.

Wata takwas kafin ranar nan, aka fara maganar sabuwar doka. Wai duk wanda aka samu da zinariya fiye da wani nauyi, babu rasit babu rijista, za a ƙwace, a kuma tsare shi. Rediyo ta faɗa, kasuwa ta ƙara gishiri. An ce an rufe shaguna biyu a wata unguwa. Kayan da ke akwatin Baba kuwa na kakanni ne, wa ya taɓa ba kaka rasit? Tun daga lokacin, in mota ta tsaya a ƙofar shago sai ya ja kujerarsa ya rufe akwatin da ƙafafunsa.

A cikin wannan tsoron Mai Kwat ya same shi. Ya ce a kawo zinariya su auna, su mayar da ita giram-giram a cikin waya. Zinariyar waya ba a ƙwace ta, tana da takarda, kuma duk wata tana haihuwa kashi goma cikin ɗari. Wanda ya so kayansa, kwana uku a miƙo masa.

Baba bai yarda da baki ba. Ya sa ni na raka shi reshensu, da dutsen gwajinsa da magagari a aljihu. Suka fito masa da sanda mai girman sabulun wanka. Ya ce ba zai goga bayanta ba, don dalma ma in an shafe ta da ruwan gwal tana yaudarar dutse. Ya sa magagari ya ɗan ci gefenta, sannan ya goga wurin a kan baƙin dutsen, ya ɗiga ruwan gwaji. Layin ya tsaya rawaya, bai gushe ba. Ya ce tsantsa ce. Ni kuma na karanta yarjejeniyar, shafi tara, na ce Turancinta ba shi da aibu.

Bai goge layin nan ba. Ya ajiye dutsen a gefe, duk matar da ta zo sai ya nuna mata, ya ce ga shaida da hannunsa. Yawancinsu ko kallo ba su yi ba. Suka ce duk yadda ya gani. Ummata ma haka ta ce, a kan sarƙar da mahaifiyarta ta bar mata. Kayan mata talatin da ɗaya muka kai a jakar leda, ni na riƙe jakar. Wata shida ribar tana shigowa yana rabawa. Sai ta tsaya, aka rufe reshen wai ana gyara. Abin da ya kai mu babban ofis ke nan.

A wurin jiran motar ya gaya mini sauran. Magagarinsa yana da haƙori ɗaya da ya karye tun zamanin mahaifinsa, duk abin da ya ci sai ya bar layi biyu da ɗan tudu a tsakani. Tabon nan yatsansa ya taɓa. Sandar da aka ce shekaranjiya ta iso, ita ce wadda ya gwada wata takwas da suka wuce.

"Na gwada zinariyar," in ji shi. "Ban ce su nuna mini ta biyu ba."

Na karɓi wayarsa nan take na danna neman a dawo da kaya duka. Ta rubuta cewa ana dubawa.

Kwana uku ta rubuta ana dubawa. Giram ɗin kuwa kullum ƙaruwa suke, da 'yar alama koriya a gefensu. A kwana na huɗu lambar Mai Kwat ta daina shiga. Na koma babban ofis ni kaɗai, na tarar da kwaɗo a ƙofa da mutane kusan ashirin a tsaye, babu mai kallon wani. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko hutun rabin rana suka tafi. Na ce ban sani ba.

A ranar na nemo dokar na karanta. Shafi huɗu ce. Sashe na biyu ya ce ba ta shafi kayan ado na mata ba, na gado ko na saye. Da ma babu wanda zai taɓa akwatin Baba. Na karanta yarjejeniyar ɓarayi kalma-kalma, ban karanta abin da muke gudu ba. Ban gaya masa ba. Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro.

Na ce mu tara matan mu faɗa musu. Ya ce in ba shi mako ɗaya. Na ce mu je wurin 'yan sanda. Ya dube ni ya tambaya, da suka rubuta sunan wanda ya kai kayan, sunan wa suka rubuta? Nasa ne, da nawa a ƙasa a matsayin shaida.

Ya daina buɗe ƙofar shagon gaba ɗaya, sai rabi. Matarsa, Gwaggo, ta gaya wa Umma ta kan katanga cewa tsohon ya bar cin abinci, wai ko ƙarar cokali ya ji sai ya zabura. Umma ta ce ai maƙera haka suke, sun saba da wuta ba su saba da sanyi ba. Suka yi dariya. Ina ɗaki ina jin su.

Ranar Litinin Tela ta zo. Ita ke ɗinkin mata a ƙarshen layi, mijinta yana asibiti wata biyu da ciwon ƙoda. Ina zaune a bencin shagon ta shigo da zare maƙale a mayafinta. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ce likita ya sa ranar aiki, tana son awarwaronta huɗu ta sayar. Ta ce ba ta son riba, a bar musu, kayan kawai.

Baba ya ce masu igiyar nan, da ƙulli a baki? Ta ce su. Ya ce shi ya ƙera wa mahaifiyarta su, shekarar da aka yi ambaliya.

"Ki dawo Alhamis da hantsi, 'yata."

"Allah ya ƙara girma, Baba. Da ma na ce wa maigidan, abin da ke hannunka kamar yana hannuna ne."

Da ta fita ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya ce in tafi, yana da aiki.

Talata da Laraba na ji hucin wutarsa ta bayan katanga, da ƙarar ƙaramar guduma. Rabon da in ji su tun kafin idonsa ya fara hazo. Laraba da yamma na leƙa. Awarwaro huɗu suna kan teburi, masu igiya, da ƙulli a baki, suna ƙyalli. A gefe ga guntayen wayar tagulla da kwalbar ruwan gwal.

Na ce duk inda ta kai su za a gwada.

Ya ce ya sani. Ya ce amma tsakanin nan da kasuwa akwai tafiyar awa guda, kuma a cikin awa guda Allah yana iya komai. Bai dube ni ba. Na ga jijiyar gefen goshinsa tana bugawa. Na tambaya ko ya sha maganin hawan jininsa, ya ce Bature ya zama likita kuma. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Alhamis da safe Gwaggo ta kai masa shayi shago. Daga ɗakinmu na ji faɗuwar kofin. Ba ta yi kuka ba, sunana kawai take kira, na gaskiya, wanda ba mai kira.

Yana zaune a kujerarsa, kansa a kan teburi, hannun dama ya sauka har ya taɓa murfin akwatin ƙarfen. Bakinsa ya karkace. Yana numfashi lokacin da muka sa shi a mota, ya daina kafin mu kai shataletale. Direban ya rage gudu da kansa.

Aka yi masa sutura kafin la'asar. Mutane suka cika layin, kowa yana faɗin amanarsa. Wani ya ce irinsu sun ƙare. Na tsaya a baya.

Da muka dawo Gwaggo ta ba ni makulli ta ce in rufe shagon. Matan unguwa suna zaune a barandar gidan, a kan tabarmi, sun kai talatin. Umma tana cikinsu. Tela tana bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi. Babu wadda ta yi maganar kaya. Ba ranar ba ce. Amma da na wuce da makullin a hannu, na ji idanu suna bin sa.

Na shiga na tura ƙofar. Shayin ya bushe a ƙasa. Wayarsa tana kan teburi, ta yi haske, giram sun ƙaru. Na kifa ta.

Awarwaron huɗu suna nan, amma kowanne an datse shi gida biyu da awartaki, an tara su a tasar da yake zuba shara. Kusa da sikeli ga baƙin dutsen, da kwalbar ruwan gwaji a buɗe. Ya goga wani sabon layi a kai da guntun awarwaron, ya ɗiga ruwan, ruwan ya cinye shi, sai ɗan tabo kore da ya rage. A gefensa tsohon layin yana nan, na wata takwas, siriri kamar gashin gira.

Daga waje na ji muryar Umma tana tambaya ko makullin ya ƙi ne. Na ce a'a, ina zuwa. Na mayar da murfin kwalbar. Hasken yamma ya shigo ta ƙasan ƙofa ya kai kan dutsen, layin ya ɗan yi walƙiya. Na zauna a bencin baƙi, makullin yana hannuna.