Kafaɗar Khiem

Sai da suka zauna a bencin asibitin lardi Lua ta lura mijinta Khiem ya rina furfurarsa. Baƙin har ya ɓata masa bayan kunne.

"Baban Diep, neman aure ka zo yi?" in ji Lua.

Tong, abokin Khiem tun zamanin yaƙi, ya ƙwanƙwasa ƙafarsa ta katako yana dariya.

"Ƙyale angon, yaya. Ni na huta, tawa ko makaho ya shafa zai gane. Kai kuwa, Khiem, ciwonka a ɓoye yake. Suna taɓawa ka yi ƙara."

Gutsuren bam ne a kafaɗar Khiem. Bana hannun ya ƙi ɗaga ko fartanya, Lua ce ta dasa shinkafar ita kaɗai, ga ciwon baya. In likita ya ce nakasar ta kai, gwamnati za ta sa masa fansho. In ba ta kai ba, ba ta san wanda zai shiga gonar baɗi ba. Tun a mota take nanata masa: iya ƙirji hannun yake tsayawa, ka nuna musu gaskiya.

Aka kira shi. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, Lua ta matsa ta leƙa. A ƙarƙashin farar rigar likitan akwai kakin soja, da taurari a wuya.

Khiem ma ya gani. Ya haɗa dugadugansa ya ƙame.

"Baba, yana damunka sosai?"

"Da sauƙi, yallaɓai."

"Ɗaga mu gani."

Hannun ya kai ƙirji. Lua ta dafe bango. Ya wuce kafaɗa yana rawa, ya wuce kunne, jijiyoyin wuyan Khiem duk sun fito. Ya miƙar da shi sama, ya bar shi can yana jiran a ba shi izinin saukewa.

"Madalla, Baba, da sauran ƙarfinka," in ji likitan, ya sunkuya yana rubutu.

Khiem ya fito rigarsa a buɗe, yatsunsa sun kasa kama maɓalli.

"Ban ji ƙarar ba fa," in ji Tong.

"Kanar ne," Khiem ya ce ƙasa-ƙasa.

Tong ya haɗiye dariyarsa, ya kau da kai.

Lua ta saka masa maɓallan har wuya, ba ta dubi fuskarsa ba. Sannan ta ɗauki malfarta, ta ratsa layin masu jira, ta fice.