Kaset ɗin da Ya Tafi Tsibiri

"Kaset ɗin ya tafi Tsibiri," in ji Sha'ibu mai gidan bidiyo, bai ko ɗago kai daga kwanon furarsa ba.

Gado ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kekensa, gumi na bin gemunsa. Daga unguwar Zariya ya tako har Sabon Gari da tsakar rana, ya baro shagon ɗinkinsa cike da yadin jam'iyyu kala-kala suna jiran allura, duk a kan wani fim ɗin Indiya da shi bai taɓa gani ba.

"Tsibiri wajen wa?"

"Wajen Maman Lawali, ƙanen matata, shi ma ya buɗe gidan kallo. Mi ya yi zafi, Malam Gado? Ba kai ke cewa kallon fim aikin marasa aikin yi ne ba?"

"Mushe ke so."

Sha'ibu ya aje ludayin. "Ya jikin nashi?"

"Sai addu'a."

Mushe Idirisa maƙwabcin Gado ne, katanga ɗaya ta raba su. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malam da Faransanci. Tun da aka yi babban taron ƙasa, jaridu suka tsiro a Yamai kamar ciyawar farkon damina, wata mai fitowa mako-mako ta ba shi rabin shafi yana rubuta sharhin fina-finai da Faransanci. Da wannan yake ci da gidansa, ci dai na lallaɓawa. Gado ya daɗe yana mamakin irin wannan sana'a, a ce mutum ya shiga duhu ya zauna, ya fito ya rubuta cewa bai ji daɗi ba, kuma a kira shi ma'aikaci.

Ƙa'idar Mushe ɗaya ce: ba ya rubuta kalma a kan fim sai ya ga ƙarshensa. Har sunayen nan da ke hawa sama bayan kowa ya watse sai ya zauna sun ƙare, Sha'ibu na shara yana roƙonsa ya ɗaga ƙafa.

To, makon jiya yana kallon wannan fim, an zo daidai inda ruwa ya cinye gada, jirgin ƙasa na tafe cike da mutane, wani tsohon mai gadi na gudu da fitila zai tsayar da shi, sai aka ɗauke wuta. Yajin aiki ake. A hanyar gida Mushe ya yanke jiki ya faɗi. Da aka maido shi daga asibiti ganinsa ya dushe, hannun dama ya ƙi biyayya. Ga shi kuma mai jaridar ya aiko daga Yamai cewa in rubutu bai biyo motar ranar Alhamis ba, rabin shafin zai koma wa sanarwar jam'iyyu, kuma ba zai dawo ba.

Gado ya so ya sauƙaƙa masa. "Haba Mushe, faɗi in sa a rubuta. Jirgi ya tsaya, aka yi rawa. Ba duk haka suke ƙarewa ba?"

"Kai kana ɗinka riga ba ka auna mai ita ba?"

"Kullum."

"Shi ya sa wuyan tawa ke shaƙe ni," in ji Mushe. "Je ka nemo mini kaset."

Haka Gado, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya taka keke har garin Tsibiri, yana tafe yana zagin Indiyawa da jiragensu. Ya karɓo kaset ɗin. Sha'ibu ya ba da aron bidiyo da talabijin, Alhaji Abdulmutallib na bakin titi ya ba da aron gurup, ƙaramin injin wutarsa, tare da gargaɗin kada a ba shi man kwalba. Man kwalba aka ba shi, don shi ke akwai.

Ranar Laraba bayan la'asar Saudatu, matar Mushe, ta rufe taga da zane, ta jingina mijinta da filo, ta koma bakin ƙofa ta zauna. Gurup na ta kuka a tsakar gida.

"Inuwa kawai nake gani," in ji Mushe. "Kai ne idona. Faɗi abin da ke akwai, ban da ƙari."

"Ga wani mai gashin baki nan yana gudu."

"Mai gadin ke nan. Fitilar tana wane hannu?"

"Hagu. Wannan ma sai an faɗa?"

"An harbe shi a dama tun farko. In ta koma dama, mai fim ɗin ya yi barci."

Gado bai san lokacin da ya matso gaba ba. Ruwa na dukan tsohon, jirgi na huci, wata mata na leƙowa ta taga da jariri. Ya ji bakinsa na cewa, "Yi sauri mana, baba!" Tsohon ya faɗi, ya tashi, ya ɗaga fitila.

Hoton ya yi rawa, ya tsage. Sai ga filin mitin a Tsibiri, rana tsaka, 'yan jam'iyya na ɗaga hannu sanye da rigunan da Gado ya gane ɗinkinsa a jikinsu. Tun da aka karya darajar sefa sabon kaset ya yi wuyar saye, Maman Lawali kuwa ya ga ƙarshen fim wuri ne da ba kowa, ya naɗi mitin a kai.

Gado ya yi wuf ya murɗe sauti. Ya dubi Saudatu, ta dube shi.

"Mi ya faru?" in ji Mushe.

"Sauti ne ya lalace. Amma ga shi nan, direba ya hango fitila. Ya taka birki. Jirgi ya tsaya daf da ruwa. Mutane na fitowa, sun ɗaga tsohon sama, suna... suna rawa."

Mushe ya juyo da kai wajen Gado. Can gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"Gado, tun yaushe Indiyawa suka fara kiɗan kalangu?"

Gado ya sunkuyar da kai. "Mitin ne, Mushe. Sun naɗa a kai. Amma wa zai sani a Yamai? Ka ceci shafinka, don Allah."

"Ni zan sani. Saudatu, gobe a gaya wa direban mota ba saƙo. Ban ga ƙarshe ba." Ya numfasa. "Kai kuma ci gaba da naka. Ba shi da kyau, ka yi gaggawar tsayar da jirgin, ka manta da matar nan mai jariri. Amma ci gaba, ina ji."

Gado ya ci gaba. Ya maido da matar, ya ba ta miji a ƙarshen jirgi, ya sa tsohon ya yar da fitila ya ɗauko. Mushe na gyara masa, muryar na ƙara yin ƙasa, har man gurup ya ƙare.

Da hantsin Alhamis Gado na kan keken ɗinki ya ji salatin Saudatu ta bayan katanga. Kafin azahar an kai Mushe makwancinsa.

Bayan sadakar arba'in Sha'ibu ya aiko cewa an kawo wani kaset na fim ɗin daga Jibiya. Gado ya rufe shago ya tafi, ya zauna a bencin baya, ya matsa gefe ya bar wuri kusa da shi. Ya ga abin da ya faru da jirgin, bai kuwa gaya wa kowa ba. Jama'a suka watse, sunaye suka fara hawa sama cikin rubutun da bai iya karantawa.

Sha'ibu ya iso da tsintsiya, ya tsaya, ya dube shi. Sai ya zagaye ƙafafunsa ya ci gaba da shara.