Simintin Bayan Inna

Atishawa ce ta karya Inna. Tana tsaye a bakin famfo tana ɗauraye kofi ta yi ta, sai ta dafa bango ta kira Auta, 'yarta da ke zaune da ita. "Zo ki riƙe ni, wani abu ya ɓalle a bayana."

A asibiti likitan ƙashi ya ɗaga hoto ya nuna wa Auta. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, in ji shi, na Inna sun zaizaye da tsufa, ɗaya ta lotsa. Za su zura allura su ɗura mata wani siminti na musamman, ya daskare a ciki ya tallafe ta.

"Siminti?" in ji Inna daga kan gado. "Ɗan nan, ni katanga ce?"

Har nas sai da ta dara.

Aiki ya yi kyau. Washegari Inna ta taka da ƙafarta zuwa banɗaki, ta dawo tana faɗan an bar mata shayi ya huce. Auta ta kira yayanta a waya, tana ba shi labari tana share hawaye.

Wata bai cika ba, Inna ta sunkuya ɗaukar ɗankwali, ta kasa miƙewa.

Wannan karon likitan ya daɗe yana kallon hoton. Siminti na nan daram, ya ce, gaɓar da ke samansa ce ta murƙushe.

"To a ƙara ɗurawa mana, likita," in ji Auta.

"Ta tsage ta wajen lakar baya. In simintin ya zurara can, ƙafafunta na iya mutuwa. Ba zan taɓa ba."

"To me zan yi mata?"

"Magani, da ɗamarar baya. Ki riƙa juya ta a hankali."

Auta ta koyi juya uwarta da zanen gado, ta koyi yin kamar ba ta ga tana cizon filo ba. Wata safiya Inna ta ce a zaunar da ita ta ga titi. Auta ta sa hannu a hammatarta, ta ɗan cira. Wani siririn nishi ya fito, ta yi maza ta mayar da ita.

"Bari kawai, Auta. Ɗaga labulen."

Ta ɗaga. Daga kan gadon ba a hango komai sai wayoyin lantarki.

"Wa ke wucewa?"

Auta ta leƙa. "Mai gyaran takalmi ne, Inna. Ga 'yan makaranta a bayansa."

"Sai wa?"

Ta tsaya a tagar tana faɗa mata.