Surukar Alkasum

Shekara uku da samun mulkin kai, jita-jita ta cika Agadas cewa ana iya sako wa gari iska mai guba daga arewa. Inoussa, tsohon saje a sojan Faransi da ya daɗe bai samu wanda zai ba umarni ba, ya tara unguwarmu ya tsara shiri. In an busa usur, kowa ya jiƙa rawani ya rufe hanci, a nufi inda iska ke fitowa, kowane namiji kuma ya ɗauki tsoho ko tsohuwar da ke gidansu.

Nan aka samu matsala. Tsohuwar gidan Alkasum maƙerin azurfa ita ce surukarsa Hauwa, wadda ƙafafunta suka mutu. Shekara ashirin bai dubi fuskarta ba. In ya ji tarinta a zaure, sai ya zaga ta bayan gida.

Ranar gwaji aka busa usur, kowa ya fita da nasa. Alkasum ya tsaya ƙofar ɗakinta, rawani na ɗiga, yana ta sallama.

"Da a ce da gaske ne, da ta mutu!" Inoussa ya daka masa tsawa. "Mi kake jira?"

"Saje, surukata ce fa."

"Guba ba ta san suruka ba!"

Muka yi dariya har da hawaye. Hauwa kuwa daga ciki ta ce, "Ku ƙyale yaron nan. Gara in mutu da a ce ya taɓa ni."

Iskar arewa ba ta zo ba. Abin da ya zo kamiyo ne, babbar motar kaya, bayan wata biyu, ya kife a bakin unguwa da maganin fara. Wari ya turnuƙe, awaki suka fara faɗuwa, usur ya tashi. Da muka taru a tudu, Inoussa ya ƙirga mu. Babu Hauwa, babu Alkasum.

Can sai ga shi yana tangaɗi, kai babu rawani, abin da ko matarsa ba ta cika gani ba. Rawanin na naɗe a fuskar tsohuwa, ita kuma tana goye a bayansa. Ya sauke ta, ya juya mata baya yana tari.

"To, ina kunyar?" in ji Inoussa.

"Da baya na shiga, Saje. Ban gan ta ba."

Hauwa ta miƙo rawanin, kanta a sunkuye. "Ku ba ɗana ya rufe kansa," ta ce. "Mutane na kallo."